BABI NA UKU: TAKARAR MULKIN TEKU TSAKANIN RUM DA KARTAJ (264–241 K.M.)

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin yaƙin farko da aka gwabza tsakanin Rumawa da mutanen Kartaj, wanda ya ɗauki shekara 23. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: yaya aka yi ƙasar manoma, wadda ba ta da rundunar ruwa ta a-zo-a-gani, ta ƙwace mulkin teku daga hannun waɗanda suka gaji sana'ar jirgi kaka da kakanni? Mafi yawan bayanan wannan yaƙi sun fito ne daga Folibiyus, masanin tarihi Bagirke da ya rayu a ƙarni na 2 kafin Miladiyya (K.M.).

3.1 Matsayin Ƙasashen Biyu Kafin Yaƙi

Birnin Kartaj yana kusa da inda Tunis take a yau. Finikiyawa 'yan kasuwa daga birnin Sur, a ƙasar Labanan ta yanzu, su ne suka kafa shi, a bisa ruwaya a shekarar 814 K.M. Arzikinsa ya dogara ne a kan fatauci ta ruwa, kuma yana riƙe da yammacin tsibirin Sisili da Sardiniya da gaɓar kudancin Sifen. Rum kuwa ƙarfinta a tudu yake, domin sojojinta manoma ne 'yan ƙasa. Yarjejeniyar farko tsakaninsu, wadda Folibiyus ya ce an ƙulla a 509 K.M., ta iyakance wa jiragen Rumawa wuraren da za su je a gaɓar Afirka. Wannan ya nuna wanda ke da ta cewa a teku a lokacin.

Rikicin ya samo asali ne a 264 K.M., sa'ad da wasu tsofaffin sojojin haya da suka mamaye birnin Mesana a Sisili suka nemi taimakon ƙasashen biyu. Rum ta tsallaka da sojoji. Bayan ta ci birnin Agirigentum a 262 K.M., sai ta fahimci cewa muddin Kartaj na kai wa garuruwan gaɓa abinci da sojoji ta ruwa, Sisili ba za ta ciwu ba.

3.2 Gina Runduna da Dabarar Hankaka

A wajen 260 K.M. Rumawa suka ƙera manyan jiragen yaƙi 100 da ƙanana 20. An ruwaito cewa sun kwaikwayi wani jirgin Kartaj ne da ya kafe a gaɓa ya faɗa hannunsu, kuma sun riƙa koya wa matuƙa jan filafili a kan bencina a tudu kafin a gama aikin. Salon yaƙin ruwa na wancan zamani shi ne a kewaye jirgin abokin gaba a soke shi da ƙahon tagulla da ke goshin jirgi, abin da ke buƙatar ƙwarewar da Rumawa ba su da ita.

Saboda haka suka fito da wata gada ta katako mai tsawon kimanin mita 11, da ƙugiyar ƙarfe a bakinta, wadda suka kira da sunan da ke nufin hankaka. Idan jirgin Kartaj ya matso sai a sake ta, ta cake a kansa, sojoji su tsallaka a yi fito-na-fito. Da wannan dabara yaƙin ruwa ya koma tamkar na tudu. A yaƙin Milai na 260 K.M., Duwiliyus ya jawo wa Kartaj asarar jirage kimanin 50. A yaƙin Eknomus na 256 K.M., inda Folibiyus ya ce jiragen Rum 330 sun kara da na Kartaj 350, Rum ce ta sake yin rinjaye, har ta sauke sojoji a Afirka ƙarƙashin Regulus.

3.3 Shekarun Asara

Da a ce hankaka ne kaɗai sirrin nasarar Rum, da yaƙin ya ƙare a nan. Amma a 255 K.M. wani sojan haya ɗan Sifarta mai suna Zantifus ya tarwatsa rundunar Regulus, aka kama shi. Jiragen da suka kwaso ragowar sojojin suka haɗu da guguwa a kudancin Sisili, inda 80 kacal suka tsira daga cikin 364. A 253 K.M. wata guguwar ta sake cinye jirage fiye da 150. Wasu masana na ganin nauyin gadar hankaka ya sa jiragen saurin kifewa, kuma ba a ƙara jin labarinta ba bayan Eknomus. A 249 K.M. kwamandan Kartaj Adarbal ya kama jiragen Rum 93 a Direfana, sannan guguwa ta hallaka wata rundunar a shekarar. Daga nan Rum ta janye daga teku na wasu shekaru.

Kartaj ba ta ci moriyar wannan dama ba. Ta mai da hankali ga faɗaɗa ƙasarta a Afirka, ta bar Hamilkar Barka, wanda ya isa Sisili a 247 K.M., yana ta kai hare-hare da 'yan tsirarun sojoji.

3.4 Yaƙin Tsibiran Igadi

Baitulmalin Rum ya riga ya ƙare. Sai attajiran birnin suka ba gwamnati rance, mutum ɗaya ko biyu ko uku suna ɗaukar nauyin jirgi guda, bisa sharaɗin ba za a biya su ba sai an yi nasara. Da haka aka ƙera jirage 200. Lutatiyus Katulus ya kai su Sisili a 242 K.M., ya tsare tashoshin Kartaj, ya kuma dage da horar da matuƙa kullum. A watan Maris na 241 K.M. jiragen Kartaj suka iso maƙare da kaya, da sababbin matuƙa. Rumawa suka nutsar da 50, suka kama 70. A wannan karon, da ƙwarewar tuƙi suka yi nasara. Daga shekarun 2000 zuwa yau, masu binciken kayan tarihi sun tsamo ƙahonin tagulla fiye da 20 daga ƙarƙashin tekun wurin.

Kartaj ta amince ta fita daga Sisili, ta kuma biya talanti 3,200 na azurfa cikin shekara 10. Rashin biyan sojojin hayarta haƙƙinsu ya jawo tawaye, Rum kuma ta fake da shi ta ƙwace Sardiniya.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a iya cewa juriyar asara ce ta ba Rum teku. Folibiyus ya ƙiyasta cewa Rum ta rasa manyan jirage kimanin 700, Kartaj kuwa 500, wato wadda ta fi asara ita ce ta yi nasara. Rum tana da ɗimbin 'yan ƙasa da ƙawaye a Italiya da za su cike gurbin matattu, da attajiran da suka ɗauki yaƙin a matsayin nasu. Kartaj kuwa tana auna yaƙin ne da ma'aunin riba da faɗuwa.

Sakamakon haka ya bayyana a yaƙi na biyu. A 218 K.M. Hanibal, ɗan Hamilkar, ya bi ta tudu daga Sifen ya ƙetare duwatsun Alfis, domin teku na hannun Rum, kuma ƙarin sojoji daga gida bai riƙa isa gare shi yadda ya kamata ba. Yarjejeniyar 201 K.M. ta bar wa Kartaj jiragen yaƙi 10 kawai, sannan aka rushe birnin a 146 K.M. Babi na gaba zai duba wannan yaƙi na biyu dalla-dalla.