Mubi: Yadda Mutane Suka Sauko Daga Dutse, Ƙasa Ta Biyo Su

Duk wanda ya san Mubi ya san abubuwa biyu ne suka riƙe garin: kogin Yedzaram da ya ratsa shi, da kuma duwatsun Mandara da suka yi masa katanga ta gabas, wajen iyakar Kamaru. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa da iyayenmu suka zo daga nesa (kakana daga Adar ya zo, wajen Tawa ta ƙasar Nijar) mun fi sanin kasuwa da tasha, duwatsun kuwa sai dai mu hange su daga bakin shago. Amma tarihin wannan yanki a can sama ya fi daɗewa, kuma wani ɓangare na abin da ke cin gonaki da gidajen mutane a yau daga can yake gangarowa.

Tambayar farko ita ce, me ya kai mutane zama a kan dutse alhali ga fili shimfiɗe a gindinsa? Gude da Fali da Nzanyi, da Kamwe na wajen Michika waɗanda Hausawa ke kira Higi, da mutanen Sukur na wajen Madagali, dukkansu manoma ne, sun san ƙasar kwari ta fi sauƙin huɗa. Matsalar ita ce fili na mai doki ne. Tun zamanin da daular Borno da masarautar Mandara ke da ƙarfi ake kai hari nan don kamun bayi. Da aka yi jihadi, Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a wajen 1809, Mubi ta shiga ƙarƙashin Fombina, Fulani suka kafu a bakin kogi saboda ciyawa da ruwan shanu. A 1851 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya bi ta Mubi a hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Harin bai tsaya da zuwan Turawa ba. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sa ana rubuta masa abubuwan da yake yi daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki akwai lissafin bayi da shanun da mutanensa suka kamo daga ƙauyukan dutse, har da Sukur. A 1927 ne Ingilishi suka tuɓe shi. Doki dai ba ya hawa dutse, shi ya sa mai son 'ya'yansa ya hau.

To amma dutse ba ya ciyar da kowa sai an tilasta masa. A nan ne abin ya fi burge ni. Mutanen suka riƙa tsince duwatsu suna jera su katanga-katanga a jikin gangare, ba siminti ba laka, kowace katanga ta tare ƙasar da ke bayanta, har gangaren ya koma gonaki hawa-hawa kamar matakalar bene. Ruwan sama a wannan yanki yana kai milimita 900 zuwa 1,000 a shekara, kuma cikin 'yan watanni yake zubowa, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Idan ya sauka a kan matakalar sai ya rasa gudu, ya tsaya ya nutse, dawa da gero da wake su sha. Ba a barin komai ya tafi banza: tokar murhu da sharar gida da kashin awaki duk gona ake kai su. Sa kuwa ba a sake shi, a ɗan rami mai katangar dutse ake turke shi ana kai masa ciyawa har ya yi ƙiba, takinsa ya koma gona. Itace ma ba a kayar da shi haka kawai. Gawo da tsamiya da maɗaci ana barinsu a tsakiyar gona, a sassare rassa a bar uwar. Wannan gini ba na jiya ba ne, domin a ɓangaren Kamaru na duwatsun an tono wasu gine-ginen dutse da masana suka ce sun kai ƙarni na 15.

Sukur ta ƙara da ƙarfe. Bayan ruwa ya ɗauke, mata kan bi rafuka su kwaso wani baƙin yashi mai nauyi, wato tama, maza su narka shi da gawayi da zugazugi, a fitar da sandunan ƙarfe. Fatake daga Borno da sauran wurare suna zuwa saye, Sukur kuma ta sami abincin da gonakinta ba su isa bayarwa ba. Gonakin nan, da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse, da fadar Hidi, su suka sa hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, wuri na farko daga Najeriya.

Daga nan sai zamani ya juya. Jamusawa sun kama Mubi a 1903, Ingilishi suka ƙwace ta lokacin yaƙin duniya na farko, aka riƙe yankin a matsayin amana, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta haɗe shi da Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Kamun bayi ya ƙare. Hukuma ta fi son mutane a ƙasa, inda za a ƙirga su a karɓi haraji, makaranta da asibiti da kasuwa kuma duk a ƙasa aka gina su. Ga gyaɗa ta zama kuɗi, ita kuma fili take so. Sai mutane suka fara saukowa, gida-gida, unguwa-unguwa. Ni ban ga laifinsu ba, wa zai so matarsa ta yi ta hawa dutse da tulu a ka? Ƙarfen Sukur kuwa mu 'yan kasuwa ne muka kashe shi, ba da mugunta ba: da tsofaffin ƙarafan mota suka cika kasuwa da araha, maƙeri ya daina neman tama, wajen shekarun 1960 wutar narka ƙarfe ta mutu.

Abin da ba a lissafa ba shi ne katangar dutse hannu take ci. Kowace shekara kafin damina sai an bi an mayar da duwatsun da suka zube. Idan gida ya tashi, katangarsa ɗaya ta faɗi, ruwa ya sami ƙofa, sai ya tunkuɗe ta ƙasa da ita, ita ma ta tunkuɗe ta gaba. Ƙasar da kakanni suka yi ɗaruruwan shekaru suna tarawa sai ta gangaro cikin 'yan damuna. A gindin dutsen kuma an share daji an yi gona ba katanga ba itace, ga ƙasar mai yashi ce, ba ta da riƙo. Wanda ya bi hanyar Vimtim ko Digil ko Gella zai ga kwazazzaban da suka tsaga gonaki, wasu sun fi tsayin mutum zurfi, kuma kowace damina suna ƙara cin gaba. Yashin da suka kwaso a Yedzaram yake zubewa, cikin kogin ya cike, ruwa ya nemi hanya ta cikin unguwannin da ke bakinsa.

Garin ma ya taimaka wa ruwan. Ƙidayar 2006 ta nuna Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu sun haura mutum 250,000, ga kwalejin kimiyya ta tarayya, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2002, kowa na neman ɗaki. An yi gini a fadama, tifa na kwasar yashi a gaɓar kogi don buga bulo, magudanai sun toshe da leda. Kowane mai shayi da mai tsire da gidan biredi itace ko gawayi yake ƙonawa, kuma daga ƙauyukan gindin dutse ake kawowa. Kasuwar shanunmu, wadda ake ji da ita har Chadi da Kamaru, ita ma tana da nata kason, domin garken da ke jiran tirela zuwa kudu sai ya ci ya tattake, burtalin da zai bi kuma gonaki sun matse shi. Duk wanda ke cin abinci a kasuwar Mubi, da ɗan gari da baƙo, akwai hannunsa a ciki.

A ƙarshen Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, dubban mutane duwatsun nan suka nufa a ƙafa, wasu suka tsallaka Kamaru ta cikinsu. Jikokin waɗanda suka sauko da jikokin waɗanda suka kore su sama, tare suka hau. An ƙwato garin a watan Nuwamba, amma a Disamba maharan suka hau har Sukur suka ƙona gidaje, abin da ya ƙara watsa masu gyaran katangun.

Yedzaram ba a Mubi ya tsaya ba. Yana bi ta Uba ya shiga dausayin Sambisa, daga can wani ruwan ya nufi Bama, wani ya shiga kogin Ngadda wanda ke cika madatsar Alau, wadda ta ɓalle ta ci Maiduguri a Satumban 2024. Ba ina cewa zaizayar Mubi ce ta fasa Alau ba, ina dai nuna cewa ruwan da ba a tare a sama ba wani ne ke karɓarsa a ƙasa.

Wani abin da ke ba ni dariya da takaici shi ne, a ƙasar kakana, a kwarin Keita, sai da aka kawo kuɗin Italiya daga 1984 aka sa mutane, yawancinsu mata, suna jera duwatsu don tare ruwa, kuma ƙasar da ta mutu ta sake yin tsiro. A Najeriya ma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja, Adamawa na ciki. Aikin da ake ɗauko ƙwararru su koyar a taron bita, tsofaffin Sukur da na duwatsun Fali suna yinsa ba tare da takarda ba, kuma har yanzu akwai masu fita gyaran katanga kafin ruwan farko. Sai dai yawancinsu furfura ta kama su, 'ya'yansu kuma suna Mubi da Yola, wasu suna tuƙa Keke Napep, wasu a layinmu na kasuwa suke dako.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.