Ƙaurar Talakawan Ailan Zuwa Kanada

Ailan tsibiri ne yamma da Ingila. A zamanin da a ke magana, ƙasar duka tana ƙarƙashin mulkin Ingilishi, gonakinta kuwa galibi na waɗansu manyan masu ƙasa ne. Talaka ba shi da ko taki ɗaya nasa, sai ya yi hayar ɗan fili, ya biya kuɗin haya kowace shekara. Hatsin da ya noma da aladen da ya kiwata su ke biyan hayar, shi da iyalinsa kuwa dankalin Turawa kaɗai su ke ci.

Tun kafin babbar yunwa Gwamnati ta taɓa gwada kwashe matalauta zuwa Kanada. Cikin shekarar 1825 wani ma'aikaci, Peter Robinson, ya ɗebi mutum wajen 2,000 daga yankin Cork cikin jiragen ruwa tara, kowane jirgi da likitansa. Da suka sauka aka yanka wa kowane gida gona, aka ba su saniya da gatari da iri, da abincin da zai riƙe su har su girbe nasu. Suka zauna, suka yi arziki, har garin Peterborough ya sami sunansa daga wannan mutum. Amma Gwamnati ta ga kuɗin ya yi yawa, ba ta sake ba.

Cikin 1845 wata cuta ta faɗa wa dankali, ya riƙa ruɓewa cikin ƙasa. Ta komo a 1846 ta cinye kusan dukan amfanin. Yunwa ta kama, wadda kafin ta wuce ta kashe mutum kamar miliyan ɗaya. A 1847 aka yi doka cewa kowace gunduma ta ciyar da matalautanta daga harajinta. Harajin ƙananan gonaki, watau waɗanda kimarsu ba ta wuce fam huɗu ba, mai ƙasa ne ke biya. Ashe ke nan talakan da dā ya ke kawo masa riba ya zama masa kaya.

A Strokestown, cikin gundumar Roscommon, akwai wani mai ƙasa, Manjo Denis Mahon. Wakilinsa ya buga lissafi, ya nuna masa kuɗin kai mutane Kanada kusan rabin kuɗin ciyar da su ne shekara guda a gidan gajiyayyu. Sai aka ce wanda ya saki gonarsa za a yafe masa bashin haya, a biya masa jirgi. Mutum 1,490 suka tashi cikin bazarar 1847. Suka taka da ƙafa wajen mil ɗari zuwa Dublin, da tsofaffi da goyo, aka haye da su Liverpool, aka zuba su cikin jirage huɗu masu araha.

Jirgi ɗaya, mai suna Virginius, ya ɗauki mutum 476. Mako tara ya yi bisa teku, ruwan sha ya yi ƙaranci, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya shiga cikinsu. Kafin su isa tsibirin Grosse Île, inda a ke tsare baƙi a duba lafiyarsu, mutum 158 sun mutu, da yawa kuma suka cika a asibitin tsibirin. Marayun da suka ragu mutanen Kwibek suka ɗauka riƙo. Labari ya komo gida. Ran 2 ga Nuwamba 1847 aka harbe Manjo Mahon a hanya, yana komawa gida da maraice. Daga baya aka rataye mutum biyu saboda kisan.

In mai karatu ya gwama tafiyar nan biyu zai ga teku ɗaya ce, ƙasar da aka nufa ɗaya ce, suna ma ɗaya ne, taimako. Bambancinsu wurin lissafi ya ke. A 1825 an ƙidaya abin da matafiyi zai bukata bayan ya sauka, a 1847 kuwa abin da mai ƙasa zai huta biya aka ƙidaya. Shi ya sa har yanzu mutanen Ailan ke kiran irin waɗannan jirage akwatunan gawa.