Lafiyar sabon ɗalibi a ɗakin kwanan makaranta: jagora ga ɗalibai da iyaye

Duk lokacin da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, gidaje da dama a Kakuri, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha da Unguwar Romi sukan shiga haɗa katifa, bokiti da kayan abinci. Wasu yaran za su tsallaka gada zuwa Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, wadda aka kafa a 2004. Wasu za su shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda take da reshe a Barnawa. Wasu kuma za su nufi Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai nisan kimanin kilomita 80. Ga yawancinsu, wannan ne karo na farko da za su kwana ɗaki ɗaya da mutanen da ba su taɓa sani ba, babu uwa a kusa da za ta taɓa goshi ta ce jikin nan da zafi.

Yawancin cututtukan da ake gani a ɗakunan kwanan ɗalibai daga abu biyu suke tasowa: cunkoso da tarayya a kayan amfani. Mafi yawansu ana iya kauce musu. Waɗanda suke kisa kuwa, jinkirin zuwa asibiti ne yake ba su dama. Abin da ke cikin wannan bayani ya shafi ɗalibin da ke hostal na makaranta da wanda ya kama hayar ɗaki da abokai a cikin unguwa.

Me ya sa cuta take saurin yaɗuwa a hostal?

Ɗakin da aka gina domin mutum huɗu yakan ɗauki fiye da haka idan aka haɗa da masu raɓe. Numfashi yana haɗuwa, musamman lokacin hunturu da ake rufe tagogi saboda sanyi da ƙura. Banɗaki ɗaya ne, bokiti da cokali da tawul suna zagayawa hannu zuwa hannu. Ga shi ɗaliban sun fito daga garuruwa daban-daban, kowa da ƙwayoyin cutar da jikinsa ya saba da su amma na maƙwabcinsa bai saba ba. Ƙarancin barci da rashin cin abinci a kan lokaci kuma suna rage ƙarfin garkuwar jiki.

Kafin a bar gida

A nemo katin rigakafin yaro a duba. Najeriya ta saka allurar ciwon hanta nau'in B cikin rigakafin jarirai tun 2004. Wanda bai samu ba, a yi masa gwaji, idan ba ya ɗauke da cutar a yi masa allurai uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko.

A tambayi ma'aikacin lafiya game da allurar sanƙarau da ta mashaƙo.

A san rukunin jini da kuma jinotayif, wato ko AA ne, AS ko SS.

Mai sikila, asma, farfaɗiya, ciwon suga ko gyambon ciki ya ga likitansa kafin tafiya. Ya karɓi takardar da ta bayyana ciwon da magungunan da yake sha, ya tafi da maganin da zai ishe shi aƙalla wata guda.

A makon farko a yi rajista a asibitin makaranta, kada a jira sai ciwo ya zo. Akwai tsarin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, kuma a makarantun da suke cikinsa ana haɗa kuɗinsa da na rajista. Ɗalibi ya tambaya ya karɓi katinsa.

Kayan da bai kamata a manta ba: gidan sauro mai magani, ma'aunin zafin jiki, farasitamol, sinadarin ORS, sabulu, silifas na wanka, robobin abinci masu murfi, da tawul, reza da abin yanke farce na kai kaɗai.

Zazzaɓin cizon sauro

Shi ne ciwon da ya fi kai ɗalibai asibiti, musamman daga watan Mayu zuwa Oktoba da ake ruwan sama a Kaduna. Alamomi sukan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizon: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da ɗacin baki. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa na awa 24 kafin a fara kwana a ciki. Yana ɗauruwa ko a gado mai hawa biyu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya, a aiki aboki kemis ya sayo magani. Gwajin jini na yatsa ba ya wuce minti 20. Idan ya nuna maleriya ce, a sha magani na kwana uku cikakku ko da jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu. Idan bai nuna ba, ko an sha magani awa 48 zazzaɓi bai sauka ba, to a koma wurin likita, domin sanƙarau, zazzaɓin Lassa da taifod duk da zazzaɓi suke farawa.

Sanƙarau

Arewacin Najeriya yana cikin yankin Afirka da sanƙarau ya fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Lokacinsa daga Disamba ne zuwa Yuni, kuma ya fi tsanani idan zafi ya shigo. Ƙwayar cutar tana bin tari, atishawa da miyau, shi ya sa ɗaki mai cunkoso marar iska yake da haɗari.

Alamominsa: zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sandarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko barcin da ake kasa tashin mutum, wani lokaci da jajayen ɗigo a fata. Yana iya kisa cikin awa 24, kuma wasu da suka warke sukan rasa ji. Ba ciwon da ake jira gari ya waye ba ne. Abokan ɗakin marar lafiya su ma su ga likita, domin akwai maganin kariya da ake ba waɗanda suka yi cuɗanya da shi.

Allurar MenAfriVac da aka yi wa jama'a a shekarun baya nau'in A kaɗai take karewa. Annobar da ta ɓarke a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017 ta nau'in C ce. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kare nau'i biyar: A, C, W, X da Y.

Zazzaɓin Lassa

An fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Ɓera ne yake ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a kan abinci da kwanuka. Buhun garin kwaki a buɗe ƙarƙashin gado, da kwanon da aka kwana ba a wanke ba, gayyata ce ga ɓera. Ana kuma ɗaukar cutar daga jini ko ruwan jikin wanda ya kamu. Takan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana. Kusan mutum 8 cikin 10 ba sa jin jiki sosai, amma ga sauran tana da tsanani: zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ciwon maƙogwaro, amai, kumburin fuska, daga baya zubar jini. Magani ya fi aiki idan an fara shi da wuri. A zuba abinci a roba mai murfi, a fitar da shara kullum, a toshe ramuka, kada a taɓa mushen ɓera da hannu.

Tarin fuka da mashaƙo

Tarin da ya kai mako biyu, tare da rama, zufar dare ko jini a majina, yana buƙatar gwajin tarin fuka. Magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan sa wata shida, kuma ana warkewa. Ɓoyewa saboda kunya shi ne yake sa ɗaki gaba ɗaya ya kamu.

Mashaƙo ya sake ɓarkewa a Najeriya tun ƙarshen 2022, ya fi ƙamari a Kano. Ciwon maƙogwaro mai farin yaɗi a ciki, da kumburin wuya da wahalar haɗiya, a kai asibiti a ranar.

Gudawa, taifod da kwalara

Duk ta ruwa da abincin da najasa ta gurɓata suke shiga. Idan famfo ya ɗauke aka koma rijiya ko 'yan garuwa, a tafasa ruwan sha. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga banɗaki da kafin cin abinci. Abincin da ya kwana babu firji a dumama shi har ya tafasa, idan ya canja wari a zubar.

Mai gudawa ya fara shan ORS nan take. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba tare da tozo ba, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko mai jini, ko aman da ya hana ruwa zama a ciki, na asibiti ne. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifod, don haka kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta.

Ƙazuwa, kuɗin cizo da makero

Ƙazuwa tana sa ƙaiƙayi mai tsanani da dare, a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata da ƙugu. Tana bin haɗuwar fata da tarayya a zanen gado da tufafi, kuma takan yi mako huɗu zuwa shida kafin ƙaiƙayin ya fara. Dole a yi wa duk 'yan ɗakin magani a rana ɗaya, a wanke tufafi da ruwan zafi a shanya a rana, in ba haka ba za ta yi ta zagayawa. Kuɗin cizo ba a san shi da yaɗa cuta ba, amma yana hana barci. A duba ɗinkin katifa da lungun gado tun ranar farko, a sanar da mai kula da hostal. Kada a fesa maganin ƙwari na gona a ɗakin kwana, guba ne ga mutum. Makero da sauran cututtukan fata kuwa, silifas a banɗaki da tawul na kai suna taimakawa wajen kariya.

Ga ɗalibai mata

Abin da ake kira “sanyin banɗaki” yawanci ba daga banɗakin yake ba. Riƙe fitsari da ƙin shan ruwa saboda ƙyamar banɗaki su ne suke buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara. Ƙaiƙayi ko fitar ruwa da ya canja kala yana da dalilai daban-daban, kowane da maganinsa, don haka a je a duba, kada a yi matsi ko a sha haɗin kemis. Cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i ba a ɗaukar su a kan masai, kuma gwajin HIV sirri ne tsakanin mutum da ma'aikacin lafiya.

Wuta da hayaƙi

Kada a kunna gawayi ko janareta a ɗaki ko a baranda rufaffiya. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kashe mutum cikin barci. Hitar dafa ruwa a cire ta daga soket kafin a sa hannu a bokiti. Idan an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa man goge baki, ƙwai ko manja.

Lafiyar ƙwaƙwalwa

Kewar gida a makonnin farko ba ciwo ba ce, takan lafa idan an yi abokai an saba da wuri. Haka saɓani da abokan ɗaki, tunda an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wasu ɗalibai da iyaye kuma suna ɗauke da fargaba tun bayan sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021 da na Jami'ar Greenfield a Afrilun shekarar. Abin lura shi ne baƙin ciki ko tsoron da ya wuce mako biyu, yana hana barci, cin abinci ko zuwa aji, ko mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa. Irin wannan magana ba a ɗaukar ta da wasa, kuma ba a barin mai ita shi kaɗai. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana duba masu damuwa da masu fama da shaye-shaye.

Sau da yawa shaye-shaye a ɗaki yake farawa, da sunan ƙarin kuzarin karatu ko maganin damuwa. Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018 saboda yadda ya lalata matasa. Tiramol kuma yana jawo jijjiga da tsayawar numfashi. Abin da ƙwaƙwalwa take buƙata kafin jarrabawa shi ne barcin awa bakwai zuwa tara.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Zazzaɓi tare da sandarewar wuya, ruɗewa ko jijjiga.

Wahalar numfashi, ko asmar da abin shaƙa ya kasa kwantar da ita.

Zubar jini ta hanci, baki, fitsari ko bayan gida tare da zazzaɓi.

Gudawa da amai har ido ya faɗa ko fitsari ya ɗauke.

Mai sikila da ya samu zazzaɓi, ciwon ƙirji ko ciwon ƙashin da ya ƙi lafawa.

Matsanancin ciwon ciki, suma, ko yunƙurin cutar da kai.

A fara da asibitin makaranta. Idan a rufe yake, a kudancin gada akwai Babban Asibitin Gwamna Awan da Asibitin St. Gerard, duka a Kakuri, a tsallaken kogi kuma akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Idan mutum biyu ko fiye a ɗaki ɗaya suka kwanta da ciwo iri ɗaya, a sanar da hukumar makaranta. Hukumar NCDC tana karɓar rahoton annoba kyauta a lamba 6232.

Shawara ga iyaye

Ku karɓi lambar wayar abokin ɗakin ɗanku ko 'yarku da ta mai kula da hostal, ku ma ku ba su taku. Idan yaron yana da ciwon da yake tashi ba zato, ku ƙarfafa masa ya faɗa wa aƙalla mutum ɗaya a ɗakin, ya nuna masa inda magani da katin asibiti suke. Idan ya kira ya ce ba shi da lafiya, kada ku faɗa masa sunan magani ta waya, kada kuma ku ce ya daure sai ya dawo gida ƙarshen mako. Ku ce ya tafi asibiti yanzu, sannan ku kira abokin ɗakin ya raka shi.