Jobariya: Tsohon Mazaunin Ƙasar Azbin

Idan ana maganar tarihin ƙasar Azbin, mukan fara ne daga sarautar Agadas, ko daga ayarin fatake masu kai gishiri Kano. Amma ƙasar nan ta riga ɗan Adam da zamani mai nisan gaske, kuma shaidar hakan tana binne a gindin tsaunin Tigidit, kudu da Agadas.

Tun da daɗewa Buzaye makiyaya na yankin Ingal sukan tarar da waɗansu manyan ƙasusuwa da suka zama dutse, iska ta tone su daga cikin rairayi. Sai suka danganta su ga wata halitta ta cikin almararsu mai suna Jobar. A shekarar 1997 ayarin masana ƙarƙashin Paul Sereno na Jami'ar Cikago ta Amurka ya haƙo ƙasusuwan kusan cikakku. A 1999 aka raɗa wa dabbar suna Jobaria tiguidensis, wato aka haɗa sunan Jobar da na tsaunin.

Dabbar tana daga cikin dangin dainaso masu dogon wuya da doguwar jela, waɗanda ba sa cin nama sai ganye. Tsawonta ya kai kamar mita 20, nauyinta kuwa wajen tan 20. Da farko an ɗauka ta rayu shekara miliyan 135 da suka wuce, amma binciken da aka buga a 2009 ya mayar da zamaninta baya zuwa sama da shekara miliyan 160. Irin wannan jiki ba ya ƙoshi a hamada. Ashe ke nan inda muke ganin rairayi a yau, a da koguna ne da dazuzzuka. Itatuwan da suka zama dutse a yankin suna tabbatar da haka.

Abin lura a nan shi ne, makiyaya ne suka fara sanin ƙasusuwan, amma a Cikago aka goge su, aka auna su, aka rubuta labarinsu da Ingilishi. Mu kuwa da muke maƙwabtaka da wurin, ɗalibanmu nawa ne suka taɓa jin sunan Jobariya? Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai yana da sashen ƙasusuwan dainaso, kuma ƙofarsa ba ta yi mana nisa ba. Ya kamata masu nazarin Hausa su leƙa, su samar da kalmomin wannan fanni, domin yaranmu su karanta tarihin ƙasar da suke takawa cikin harshensu.