Kalmar “taro” da abin da ta ɗauka

Ɗalibi mai fassara daga Faransanci kan yi karo da kalmar conférence, sai ya rubuta “taro”. Wani lokaci ya dace, wani lokaci kuwa a'a. Asalin kalmar daga Latin ne, conferre, wato haɗa abubuwa wuri ɗaya. A Faransanci tana nufin zaman shawara, tana kuma nufin jawabin da masani ɗaya ke yi gaban jama'a. Wannan ma'ana ta biyu ita ce “lacca” a Hausa.

Ita “taro” daga aikatau “tara” ta fito, kuma ta riga zuwan Turawa. Akwai taron suna, taron biki, taron kasuwa. A fannin addini ana cewa taron wa'azi ko majalisi, irin wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa yi a Degel. Maulidin Kiyota, cikin jihar Doso, shi ma taro ne, ko da yake ba a zama a yanke shawara a cikinsa. In malamai suka haɗu don tattauna wata mas'ala, wasu kan ari kalmar Larabci su ce mu'utamari.

Zamani ne ya sa aka yi ta ƙara mata jela: taron ƙoli, taron manema labarai, taron ƙara wa juna sani. Haka nan muke cewa Taron Balin na 1884 zuwa 1885. A kula, ba a can aka ja iyakar Nijar da Nijeriya ba. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890, 1898, 1904 da 1906 ne suka yi wannan aiki.

A Nijar, kalmar ta sami nauyi na daban a 1991. Bayan misalin Benin na 1990, an buɗe babban taron ƙasa a Yamai ranar 29 ga Yuli, ƙarƙashin Farfesa André Salifou, aka rufe shi ranar 3 ga Nuwamba. Mahalarta suka ce hukuncinsu ya fi na kowace hukuma. Suka rage ikon shugaba Ali Saibou, suka zaɓi Amadou Cheiffou firaministan riƙon ƙwarya. Faransanci ya nuna wannan iko da kalmar souveraine. “Taron ƙasa” kawai bai ɗauke ta ba, don haka mai fassara sai ya ƙara da “mai cikakken iko”.