Batir a Hannunka, Mabuɗi a Hannun Wani

A shekarar 2016 kamfanin Tesla na Amurka ya fito da wata mota mai amfani da lantarki, Model S 60. Lambar 60 ɗin tana nufin ƙarfin wutar da batirinta ke ɗauka, wato kilowat-awa 60. Amma batirin da ke cikinta na 75 ne. Kashi ɗaya cikin biyar an kulle shi da manhaja. Mai mota yana yawo da nauyin batirin gaba ɗaya, amma in yana son ragowar 15 ɗin sai ya ƙara dala 9,000. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta faran biyar ba. Da ya biya, ba makanikin da zai taɓa motar: saƙo ne za a turo ta intanet, batir ya buɗe. Caji mai sauri ma da farko haka yake, masu ƙaramin batir sai sun biya dala 2,000 daban kafin tashoshin kamfanin su karɓe su.

A watan Satumba na 2017, da guguwar Irma ta nufo Fulorida, kamfanin ya buɗe wa masu irin waɗannan motoci batirinsu kyauta don su gudu. Bayan ƴan kwanaki ya sake rufewa. Mutane sun yaba. To amma mu tsaya mu duba: wanda ya iya buɗe maka daga nesa, ya iya rufe maka daga nesa.

Wani zai ce, mu ƴan Madawa da Buza da Keita mi ya haɗa mu da wannan? Tarihinmu ne ya haɗa mu. Mun san irin wannan ciniki tun kafin a ƙera motar.

Mu fara da kalmomi, don su ma shaidu ne. Lantarki da batir da caji daga Ingilishi suka shigo Hausa, ta kudu. Kuran daga Faransanci ya zo. Abu ɗaya, suna biyu, kowanne da hanyar da ya biyo. Harshe ya nuna cewa wutar nan baƙuwa ce, kuma ta ƙofa biyu ta shigo mana. A ƙauyukan Adar da yawa ma ba ta waya ta fara zuwa ba, a aljihu ta zo: batirin tocila, batirin rediyo, daga baya batirin mota da ake ɗaukowa a kai gari a yi masa caji don a kalli bidiyo da dare. Da salula ta bazu a shekarun 2000, sai ga sabuwar sana'a, mai caji, da janaretonsa ko faifan sola, ka ba shi ƴan daloli ya ba ka lamba, ka dawo ka karɓi wayarka. Mun saba sayen wuta kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake sayen sukari a ƙulle. Sai dai a duk wannan, abin da ka biya naka ne. Mai kanti bai taɓa sayar maka da batir ya riƙe kashi ɗaya cikin biyar ba.

A matakin ƙasa kuwa labarin ya sha bamban. An kafa NIGELEC a 1968, kuma tun 1976 Nijar ke sayen wuta daga Najeriya. Layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa shi ke ciyar da yankin Maradi da Damagaram da wani sashe na Tawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga can take zuwa. Wayoyi suna nan a kan falwaya, firji yana nan a shago, amma mabuɗin yana wata ƙasa. Sai a 2024, bayan ɗage takunkumi, wutar ta dawo.

Akwai darasin da ya fi wannan daɗewa, kuma a gonakinmu yake. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, a ƙasar Buza, don tare iskar da ke kwashe ƙasar noma. A 1984, cikin fari, aka buɗe aikin Keita da kuɗin Italiya, tare da FAO. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, ana biyansu da abinci, aka dasa miliyoyin itatuwa. Amma a wancan zamani dokar daji ta 1974 ce ke aiki: icce irin gawo, ko a tsakiyar gonarka ya tsiro, ba ka da ikon sare shi sai da izini, in ka taɓa a ci ka tara. Icce a gonarka, hukunci a hannun hukuma. Mi manoma da yawa suka yi? Suka riƙa cire tsiron tun yana ƙarami, don kada ya girma ya zame masu rigima. Da aka sassauta, ga dokar karkara ta 1993, ga sabuwar dokar daji ta 2004, manomi ya tabbata iccen nasa ne, sai ya shiga renonsa. Mutum ba ya kula da abin da aka ce nasa ne da baki kawai.

Yanzu mu koma ga mota. Galibin motocin da ke shigo mana na gwanjo ne, wasu ma sun yi haɗari a can aka gyara su. Tesla ta taɓa kashe caji mai sauri a motocin da inshora ta yanke cewa sun lalace. Ka ga ke nan ranar da irinsu suka iso tashar Madawa, mai saye zai iya biyan kuɗin mota cif, ya tarar rabin amfaninta yana hannun kamfanin da bai san da zamansa ba. Makanikin gari kuma, wanda ya saba kwance inji ya ɗaure, ba shi da sifanar da ke kwance manhaja.

Sannan ga lissafin wutar kanta. Tashar sola ta Malbaza, da aka buɗe a 2018, megawat 7 take bayarwa. Na'urar caji mai sauri da Tesla ta fitar a 2019 tana iya jan kilowat 250 don mota ɗaya. Raba ka gani: mota 28 in suka haɗu a lokaci ɗaya sun shanye Malbaza kaf, kuma da rana tsaka ke nan. Saboda haka abin da zai fara amfanar mu ƙanana ne: babur ɗin kabu-kabu mai batir, da injin ban ruwa mai sola a lambunan albasar kwarin Tarka. Rana kam muna da ita, ba mai kulle ta.

Don haka ƴan uwa ɗalibai, ranar da dillali ya zo mana da babur ko famfo ko mota mai batir, kada mu tsaya ga farashi. Mu tambaye shi abin da kakanninmu suka so tambayar ma'aikacin gandun daji: in na gama biya, wa ke da ikon rufewa? Wa zai gyara a nan garin? In batir ya mutu, zan iya sa wani daga kasuwa? In ya kasa amsawa, haya ce yake ba mu da sunan sayarwa, sai mu yi ciniki da shi a kan kuɗin haya.