Tseren keke a karkarar arewacin Kano

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Kunchi, keke abin neman abinci ne: da shi manomi ke kai hatsi kasuwa, ɗalibi ya tafi makaranta. Mahaya ba su yi ƙaranci ba. Sai dai tseren kan titi yana buƙatar keke marar nauyi mai giya, da hular kwano, da hanyar da aka tsare daga motoci, abubuwan da suka fi ƙarfin matashin ƙauye. Ko manyan 'yan wasa ba su tsira ba: a gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke.